Auna Kamfani Kafin Ba Shi Amana: Darasi Game da Zaɓen Masaukin Shafin Intanet

GABATARWA

A zamanin da fataken ƙasar Hausa suke tafiya Gwanja neman goro, babu madugun da yake sauke kayan ayarinsa a gidan fatoman da bai san halinsa ba. Fatoma shi ne mai masaukin baƙi, a wurinsa ake ajiye kaya, kuma shi yake tsaya wa baƙo har a biya shi kuɗinsa. Saboda haka tun a kan hanya akan yi ta tambaya game da shi: shekara nawa ya yi yana wannan sana'a, su wane ne suka taɓa sauka a gidansa, yaya kuma ya yi da su sa'ad da ciniki ya ɓaci. Har wa yau wannan al'ada tana nan. Manomin da ya kawo wake ko masara daga Kumo ko Dukku zuwa kasuwar Tudun Hatsi a Gombe ba ya barin buhunansa sai a siton wanda jama'a suka shaide shi.

Yanzu wani sashe na ciniki da aikin ofis ya koma kan intanet. Makarantu da asibitoci da ƙungiyoyin gama kai da 'yan kasuwa suna buɗe shafuka domin talla, da karɓar kuɗi, da ajiye bayanan mutanensu. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, aka kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004 da Jami'ar Tarayya ta Kashere a 2011, matasa masu ilmin kwamfuta sun yawaita a wannan yanki, kamar yadda suka yawaita a sauran sassan Nijeriya. Kullum kuma sababbin kamfanoni suna fitowa da tayin ajiye wa mutane shafukansu a kan farashi mai sauƙi. Wannan ci gaba ne abin farin ciki. Amma irin waɗannan kamfanoni su ne fatomomin zamani, kuma maƙasudin wannan darasi shi ne a nuna wa mai karatu yadda zai auna sabon kamfani kafin ya ba shi amana, da yadda zai shirya al'amarinsa domin kada faɗuwar kamfanin ta zama tasa faɗuwar.

1. ABIN DA AKE SAYA

Wanda zai buɗe shafi yana biyan kuɗin abubuwa biyu, ko da yake sau da yawa a rasiti ɗaya ake haɗa masa su.

Na farko shi ne suna, watau adireshin da mutane za su rubuta su iske shafin, wanda yake ƙarewa da .ng ko .com ko makamancinsu. Ba a sayen suna dungum, hayarsa ake yi shekara-shekara. Sunayen da suka ƙare da .ng suna hannun ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, kuma ita ce take tantance kamfanonin da ta yarda su yi wa jama'a rajista. Sunayen .com kuwa wani kamfanin Amurka mai suna Verisign ne yake riƙe da babbar rajistarsu, a ƙarƙashin ƙa'idodin hukumar ICANN.

Na biyu shi ne masauki, watau wuri a cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda ba a kashe ta dare da rana. A cikinta ake ajiye rubuce-rubucen shafin, da hotuna, da wasiƙun imel, da jerin sunayen abokan ciniki ko na ɗalibai.

Ya kamata a sani cewa da yawa daga cikin ƙananan kamfanoni ba su da saba tasu ta kansu. Sari suke yi: sukan yi hayar wuri babba a wurin wani kamfani a Legas ko Turai ko Amurka, sa'an nan su yanka shi ƙanana-ƙanana su sayar. Babu laifi a cikin wannan, haka ciniki yake a kowace kasuwa. Sai dai idan ɗan sari ya kasa biyan wanda ya ba shi haya, za a rufe wurin gaba ɗaya, shafinka kuma ya tafi tare da na sauran, alhali kai ka biya naka kuɗin cif.

2. ABUBUWAN DA SUKE KARYA SABON KAMFANI

Kafin a auna ƙarfin abu, sai an san inda yake karyewa. Sabon kamfanin masauki yakan gamu da matsala ta fuskoki kamar haka.

Ta fuskar kuɗin waje. Kamfanin da yake hayar saba a ƙetare da dala yake biya, da naira kuma yake karɓa. A watan Yuni na 1923 ba a san wannan sana'a ba, amma a watan Yuni na 2023, sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya sake tsarin canjin kuɗi, masu ita sun ji a jikinsu: dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma kafin sauyin, zuwa watan Fabrairu na 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Kamfanin da ya karɓi kuɗin shekara uku a kan tsohon farashi ya wayi gari yana biyan ninki uku na abin da ya lissafa, ba shi kuwa da ikon komawa wurin waɗanda suka riga suka biya.

Ta fuskar cin kuɗin gobe a yau. Kuɗin da aka biya na shekaru masu zuwa bashi ne a wuyan kamfani, domin bai riga ya yi aikinsu ba. Idan ya kashe su a kan talla da kayan ofis, to, sai da kuɗin sababbin masu shiga zai riƙa ɗaukar nauyin tsofaffi. Ranar da masu shiga suka ragu, ranar asiri yake tonuwa.

Ta fuskar ma'aikata. Kamfanoni da dama mutum ɗaya ne yake riƙe da dukkan kalmomin sirri, shi ne injiniya, shi ne akawu. Idan ya kwanta ciwo, ko ya sami aiki a wani gari, ko suka saɓa da abokin tarayyarsa, aiki ya tsaya.

A nan akwai bambanci babba tsakanin wannan sana'a da aikin banki. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC a 1988. Da aka soke lasin bankuna 26 a watan Janairu na 1998, da kuma sa'ad da aka soke na bankin Heritage ran 3 ga Yuni, 2024, hukumar ce ta ɗauki nauyin biyan masu ajiya gwargwadon abin da doka ta ƙayyade, wanda a 2024 ya kai naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya. Babu wata hukuma irin wannan da za ta mayar maka da bayananka idan kamfanin masauki ya rufe. Binciken da ka yi da kanka shi ne inshorarka.

3. BINCIKEN TAKARDU

Matakin farko ba ya cin ko kwabo, da wayar hannu ma ana yin sa.

(a) Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. Ka nemi cikakken sunan kamfanin da lambar rajistarsa, ka duba a shafin binciken hukumar. Za ka ga ranar da aka yi masa rajista, da adireshinsa, da kuma ko yana cikin masu aiki ko an sa shi cikin waɗanda ba su kai rahoton shekara ba. Lambar da ta fara da RC ta kamfani ce, wadda ta fara da BN kuwa ta sunan kasuwanci ce kawai. Amma a lura, dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa ƙaramin kamfani, kuma mafi ƙarancin jarin hannun da ta nema shi ne naira 100,000. Ke nan takardar rajista tana nuna cewa akwai wanda za a nema idan rigima ta tashi, ba ta nuna cewa kamfanin yana da ƙarfi ba.

(b) Jerin NiRA. Idan kamfani ya ce shi wakili ne da aka tantance domin rajistar .ng, sunansa zai fito a jerin da ƙungiyar take bugawa. Idan bai fito ba, ɗan sari ne, sai ka tambaye shi a ƙarƙashin wa yake aiki.

(c) Shekarun sunan kamfanin. Rajistar da ake kira WHOIS tana nuna ranar da aka fara rajistar kowane suna a intanet. Haka kuma ma'ajiyar Wayback Machine takan ajiye hoton shafuka kamar yadda suke a shekarun baya. Wanda ya rubuta a tallarsa cewa ya shekara goma yana aiki, alhali sunan shafinsa na bara ne, sai ya yi bayani. In ya yi maka ƙarya a kan shekarunsa, me zai hana shi yi maka ita a kan abin da ba ka iya gani?

(d) Asusun biya. Ka biya cikin asusun banki mai ɗauke da sunan kamfanin, ka karɓi rasiti. Kamfanin da ya ce a tura kuɗi cikin asusun wani mutum ya riga ya faɗa maka yadda yake tafiyar da lissafinsa.

4. INA KWAMFUTAR TAKE?

Wannan ita ce tambayar da ta fi bambanta mai sana'a da mai talla. Ka ce wa kamfanin: a wace cibiyar ajiyar bayanai sabarku take, a wane gari, kuma taku ce ko haya kuke yi? Mai gaskiya zai faɗa nan take.

Dalilin tambayar shi ne saba tana bukatar wutar lantarki marar yankewa, da sanyi, da layin sadarwa fiye da ɗaya. Mutanen Gombe ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan. A watan Afrilu na 2024 ɓarayi sun kayar da turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, jihohin arewa maso gabas suka kwashe makonni cikin duhu. Sabar da aka ajiye a bayan shago tare da ɗan janareto ba ta jure irin wannan. Shi ya sa ake gina cibiyoyi na musamman, kuma wata cibiya a Amurka mai suna Uptime Institute take rarraba su daraja huɗu. Mai daraja ta uku ana iya gyara kowane sashe nata ba tare da an kashe ta ba, mai daraja ta huɗu kuwa tana ci gaba da aiki ko da wani sashe ya lalace ba zato. Akwai irin waɗannan cibiyoyi a Nijeriya, kamar Rack Centre a Legas, da kuma na kamfanin Gwamnatin Tarayya na Galaxy Backbone a Abuja da Kano.

Ajiya a cikin gida tana da wani amfani. Ran 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin sadarwa huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa, aikin bankuna da na kamfanonin waya ya tangaɗa a Nijeriya da maƙwabtanta. A irin wannan rana, shafin da yake ƙetare yana wuyar samu, wanda kuwa yake cikin ƙasa kuma yake haɗe da mahaɗar intanet ta Nijeriya, IXPN, hanyarsa ba ta bi ta teku ba. Wannan mahaɗa, wadda aka kafa a 2006, tana da rassa a garuruwa da dama, ciki har da Legas, Abuja, Kano da Gombe.

Game da alkawarin da kamfanoni suke rubutawa cewa shafi zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin ɗari, ga lissafinsa. A shekara akwai awa 8,760. Kashi 99.9 yana nufin an yarda shafin ya mutu na kimanin awa 8 da minti 46 a shekara. Kashi 99 kuwa, wanda a ido kamar ba bambanci, ya ba da damar awa 87 da minti 36, fiye da kwana uku da rabi. Idan waɗannan kwanaki suka faɗo a makon da makaranta take karɓar kuɗin rajistar ɗalibai, an yi asara. Sai a tambaya: idan an saɓa alkawarin, me kamfanin zai biya, kuma a wace takarda aka rubuta?

5. SHAIDAR JAMA'A

Yabon da kamfani ya buga a shafinsa shi ya zaɓa, wani lokaci ma shi ya rubuta. Yabon da ya taru a mako ɗaya da kalmomi iri ɗaya abin tuhuma ne. Haka kuma waɗansu masu rubuta jerin kamfanonin da suka fi kyau lada ake biyansu a kan kowane mutum da ya shiga ta hannunsu.

Shaidar da take da nauyi ita ce ta wanda ya sabunta hayarsa aƙalla sau ɗaya. Ka roƙi kamfanin ya ba ka sunayen shafuka uku da suka wuce shekara a wurinsa, ka buɗe su safe da yamma na mako guda, ka kuma tuntuɓi masu su. Kada ka tsaya a kan tambayar ko suna jin daɗi. Ka tambaye su ranar da shafinsu ya taɓa mutuwa: wa ya fara sanar da wa, awa nawa aka ɗauka, an faɗa musu dalili, an kuma mayar musu da abin da ya ɓata? Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Babu kamfanin da ba ya samun matsala, halinsa a ranar matsalar ake so a sani.

Sa'an nan ka gwada su da kanka tun ba ka biya ba. Ka aika da tambaya ta fasaha da dare ko ranar Lahadi, ka ga lokacin da amsa za ta zo da kuma ko ta dace da tambayar. Wanda ya yi jinkirin amsa wa mai shirin ba shi kuɗi ba zai yi gaggawa ba bayan kuɗin sun shiga hannunsa.

6. FARASHI DA YARJEJENIYA

Araha ba ta ado. Tayin masauki na har abada a kan biya ɗaya ba ya tsayuwa a lissafi, domin kamfanin kowane wata yake biyan wuta da haya da albashi. Haka ma kalmar wuri marar iyaka, kusan kullum akwai iyakarta a cikin ƙananan rubutun yarjejeniya.

Kafin sa hannu, a karanta a gano waɗannan: farashin sabuntawa a shekara ta biyu, wanda sau da yawa ya fi na farko nesa, kwanakin da ake iya fasawa a karɓi kuɗi, wa'adin da za a ba ka kafin a share bayananka idan ka makara da biya, da kuma ko kamfanin ya ɗauki alhakin ajiye kwafi ko ya ɗora shi a kanka.

7. SHIRIN FITA TUN KAFIN SHIGA

Bincike yana rage hatsari, ba ya kawar da shi, kuma tsufan kamfani ma ba kariya ba ne. OVH na Faransa ya haura shekara ashirin yana aiki, yana kuma cikin mafi girma a Turai, amma ran 10 ga Maris, 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginensa a birnin Strasbourg, miliyoyin shafuka suka mutu, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri dabam kuwa suka rasa bayanansu. Saboda haka, ko da wane kamfani za ka yi hulɗa, tilas ka riƙe abubuwa uku a hannunka.

Na ɗaya, suna. Lalle a yi rajistarsa da sunanka ko na ma'aikatarka, da imel ɗin da kai kake buɗewa. Kada ya zama da sunan kamfanin masauki ko na yaron da ya gina maka shafin. A 2007 wani kamfanin rajista na Amurka, RegisterFly, ya rikice saboda rigima tsakanin shugabanninsa, mutane suka kasa sabunta sunayensu, har ICANN ta soke izininsa aka mayar da sunayen hannun GoDaddy. A irin wannan hali abin da yake rubuce a rajista shi ne hujjar mallaka. Ya fi kyau ma ka yi rajistar suna a wani kamfani, masauki a wani. Idan masaukin ya mutu, sai ka juya sunan zuwa sabon wuri, abokan cinikinka kuma su same ka a adireshin da suka sani.

Na biyu, kwafi. Ka riƙa sauke cikakken kwafin shafin da na imel a kai a kai, ka ajiye ɗaya a kwamfutarka, ɗaya a wani wurin da ba na kamfanin ba. Lokaci-lokaci ka sa a gwada ɗora kwafin a ga yana buɗewa, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba ba a san ko yana da amfani ba.

Na uku, gajeren biya. Ga sabon kamfani ka fara da wata ɗaya ko uku, kuma da shafin da mutuwarsa ba za ta durƙusar da kai ba. In ya cika alkawari, ka ƙara wa'adi. Rangwamen da ake yi wa mai biyan shekara uku bai kai darajar 'yancin tashi a duk ranar da ka ga dama ba.

8. ABIN DA DOKA TA TANADA

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora alhaki a kan wanda ya tattara bayanan mutane. Makarantar da ta ajiye sunayen ɗalibai, ko asibitin da ya ajiye tarihin marasa lafiya, ba su kuɓuta ba don sun miƙa ajiyar ga wani kamfani. Dokar ta bukaci a yi yarjejeniya a rubuce da mai ajiyar, kuma idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta NDPC cikin awa 72 daga sanin abin. Wanda kuma kamfani ya karɓi kuɗinsa bai yi masa aiki ba yana iya kai kuka ga Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC. Domin wannan, a adana rasiti da yarjejeniya da dukkan wasiƙun da aka yi musaya.

KAMMALAWA

Ba a rubuta wannan darasi domin a guje wa sababbin kamfanoni ba. Kowane babban kamfani da ƙarami ya fara, kuma kuɗin da aka biya kamfanin gida yana ba 'ya'yanmu aiki, yana kuma rage wa ƙasa neman dala. Kamfanin matasa mai gaskiya zai yi murna da waɗannan tambayoyi, domin su ne suke raba shi da masu cin amana. Wanda ya faɗi shekarunsa na ainihi, ya nuna inda sabarsa take, ya rubuta sunanka a rajista, ya kuma bar maka ƙofar fita a buɗe, ya cancanci a gwada shi. Wanda ya fusata da tambaya kuwa, sai a ɗauki kaya a yi gaba.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Mene ne bambanci tsakanin sunan shafi da masaukinsa, kuma don me ya fi kyau a raba su?
2. Bayyana yadda sauyin farashin dala yake iya karya kamfanin da ya karɓi kuɗin shekara uku.
3. Me takardar rajistar CAC take tabbatarwa, me kuma ba ta tabbatarwa?
4. Awa nawa shafi zai iya mutuwa a shekara a ƙarƙashin alkawarin kashi 99.9 cikin ɗari?
5. Waɗanne abubuwa uku ne ya kamata mai shafi ya riƙe a hannunsa, ko da wane kamfani yake hulɗa?